Shawarwari ga mai neman digiri na uku kan ƙwaƙwalwa

A wata hira da ma'aikatan lafiya suka yi a Gumel, yawancinsu sun ce ɗalibi ya fara neman malamin da zai duba aikinsa kafin sunan jami'a, tunda shekara uku ko fiye zai yi a hannunsa.

Abin bincike kuwa ga shi a ƙofar gida: farfaɗiya da ake ɗora wa iska, yaran da sanƙarau ya kurumtar, da tamowa mai dakushe ƙwaƙwalwa a kwana 1,000 na farko tun daga ɗaukar ciki. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya gwada maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan ayarin masu bincike ya kamata ɗalibi ya nema. Wani daga cikin ma'aikatan ya nace kan koyon ƙididdiga, kuma da gaskiyarsa. Tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnatin tarayya na ilimi mai zurfi, dai sai malaman manyan makarantu.