Muhawara: Wa ke da hurumin hana mutane hawa dutse?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na kawo yau, kuma ina nan a kanta daram. Duk wurin da aka ce gandun ƙasa ne, ana kula da shi da harajin kowa, to babu wata ƙabila da ke da hurumin hana mutane hawa. Ku duba Ostireliya. Ranar 26 ga Oktoban 2019 aka rufe hawa dutsen Uluru, don mutanen Anangu, 'yan asalin yankin, sun ce wuri ne mai tsarki a wurinsu. A Maris 2020 kuma aka rufe hanyar ƙololuwar dutsen Mount Warning a jihar New South Wales da sunan korona. Korona ta tafi, shekaru suka shuɗe, hanya na nan a garƙame. Idan aka bi wannan, wane dutse ne zai rage?

Hajiya Bilki: Wa'alaikumus salam. Malam, tun daga tushe lissafin ya karkace. Uluru ba ƙasar gwamnati ba ce. Ranar 26 ga Oktoban 1985 aka miƙa wa Anangu takardar mallakar wurin, su kuma suka ba gwamnatin tarayya hayarsa na shekara 99. A hukumar da ke gudanar da gandun ma su ne masu rinjaye. Gwamnati 'yar haya ce a nan. Yaushe ɗan haya ya fara gaya wa mai gida inda baƙi za su taka?

Malam Sani: To in haka ne, me ya sa suka bari ana hawa har shekara 34 bayan an ba su? Suna karɓar kasonsu na kuɗin shiga, ba su ga rashin tsarki ba sai daga baya?

Aminu: Baba Malam, bari in sa baki, tunda a Brisbane ta Ostireliya nake karatu, kuma maganar nan ba ta mutu ba a can. Ba shiru suka yi ba. Shekara da shekaru akwai allo a gindin dutsen, daidai inda ake fara hawa, yana roƙon mutane kada su hau. Roƙo ne kawai, babu tara. A dokarsu ta gargajiya, wadda suke kira Tjukurpa, hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi ita ce hanyar da kakanninsu na Mala suka bi a wani bikin maza. Mutum zai tsaya ya karanta allon tsaf, ya ɗauki hoto da shi, sannan ya kama sarƙar ƙarfen da aka kafa tun 1964 ya haye.

Kuma ba dare ɗaya aka rufe ba. Tsarin gudanarwa na 2010 ya ce za a iya rufewa idan masu hawa suka yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na baƙi. A shekarun 1990 kusan kashi 74 ke hawa, zuwa 2015 sun koma wajen kashi 16. Hukumar ta kaɗa ƙuri'a a Nuwamban 2017, babu ko mutum ɗaya da ya ƙi, sannan ta ba da wa'adin shekara biyu. A watannin ƙarshe kuwa sai ga layi kamar ana rabon kyauta, kowa na son ya hau kafin a rufe.

Anti Ladidi: Ni abin da ya fi damuna rayuka ne. Aƙalla mutum 37 suka mutu a dutsen tun shekarun 1950, da yawansu bugun zuciya ne. Tsayinsa mita 348, ga tsananin rana, ga santsi. Sannan babu banɗaki a sama. Wanda ya matsu a nan yake yi, ruwan sama ya wanko ƙazantar zuwa tafkunan da ke ƙasa, inda dabbobi ke sha.

Malam Sani: Anti, wannan hujjar ba ta riƙe ruwa. Ana mutuwa a Kilimanjaro, an rufe shi? Maganin rashin banɗaki shi ne gina banɗaki. A bar fakewa da guzuma ana harbin karsana.

Aminu: A nan kam ina bayan Malam. Da haɗari ne kaɗai matsalar, da an ƙayyade adadin masu hawa an huta. Dama can ana rufewa duk ranar da zafi ko iska suka yi yawa. Dalilin gaskiya shi ne masu wurin ba sa so. Sai dai su ma sun sha faɗin cewa duk baƙon da ya mutu a ƙasarsu, nauyin yana kansu, suna baƙin ciki ƙwarai.

Ustaz Habu: Ni tambayata daban ce. Mu da muka san dutse dutse ne, ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, ta yaya za mu goyi bayan a tsarkake shi? Nan Kano, zamanin Barbushe, shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, sau ɗaya a shekara. Yau yara ke tsere a matattakalar Dala. Wa ya yi asara?

Hajiya Bilki: Allah gafarta Malam, babu wanda ya ce ka yi imani da abin da suka yi imani da shi. Cewa aka yi kada ka taka. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, akwai alluna a kan hanya suna karkatar da shi. Ba mu taɓa neman ya gamsu da dalilinmu ba, kuma da wani zai ce tarihin ɗan Adam ne don haka kowa na da haƙƙi, da kai za ka fara tashi tsaye. Wanzami dai ba ya son jarfa. Dala kuwa, mutanen Kano da kansu suka bar wancan addinin, ba baƙo ne ya zo da sarƙa ya kafa musu ba.

Ustaz Habu: Subhanallah Hajiya, kada ki haɗa Harami da dutsen gargajiya.

Hajiya Bilki: Ban haɗa darajarsu ba. Haƙƙin mai wuri nake magana.

Shugaban zaure: Don Allah a bar wannan ɓangaren haka, mun san inda yake kai mu. A koma kan duwatsu.

Aminu: To bari in ba Baba Malam makami, don maganar Mount Warning ba irin ta Uluru ba ce, kuma masu haɗa su wuri ɗaya suna ɓata hujjarsu ne. Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya raɗa masa wannan suna a 1770, mutanen Bundjalung 'yan asalin yankin kuma Wollumbin suke ce masa. Gandun yana hannun hukumar jiha. Kafin a rufe, sama da mutum dubu ɗari ke zuwa a shekara. Tafiyar kusan kilomita tara ce zuwa da dawowa, mutane kan tashi cikin dare da tocila a goshi don fitowar rana ta same su a sama. Aka ce rufewar wucin gadi ce. Sai aka riƙa ƙara wa'adi, yau a ce gyara, gobe a ce ana tuntuɓa. A 2022 aka fitar da tsarin da wani kwamitin tuntuɓa na 'yan asalin yankin ya amince da shi, yana neman a rufe hanyar, domin a al'adarsu wuri ne na wasu keɓaɓɓun maza.

Inda gizo ke saƙar shi ne, akwai wasu 'yan asalin, musamman daga ƙabilar Ngarakbal, da suka fito fili suka ce ba da yawunsu aka yi ba, kuma ba sa adawa da hawa. Ga masu masauki da gidajen abinci na garuruwan Uki da Murwillumbah da ke kusa da dutsen, waɗanda cinikinsu ya dogara da masu hawan. A Uluru an san mai wuri, an san dokar da aka bi, an san ranar. A nan kuwa tambayar wa ke magana da yawun wa ita ce ba a warware wa jama'a ba.

Malam Sani: Yauwa ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abin da nake gudu kenan: a shigo da dokar dindindin ta ƙofar annoba. In za ka hana mutane abin da iyayensu suka saba yi, fito ka faɗa, a yi gardama a fili.

Hajiya Bilki: Wannan ƙorafi ne a kan yadda aka yi, Malam. Da safe cewa ka yi babu wanda ke da hurumi sam. Kuma saɓani tsakanin dattawansu ba ya nufin ni da kai mun samu lasisi. Su ya kamata a zaunar su daidaita.

Anti Ladidi: Ba za a iya raba gardama ba? A 1955 Turawan Ingila da suka fara hawa Kangchenjunga, dutse na uku mafi tsayi a duniya, sun tsaya 'yan taku kaɗan kafin ƙololuwa saboda alƙawarin da aka yi wa sarkin Sikkim. Sun hau, kuma ba su taka inda aka hana ba.

Aminu: A Wollumbin zai yi wuya Anti, don yankin da aka ayyana a matsayin wuri na musamman ga 'yan asali a 2014 ya faro ne tun daga tsayin mita 600 zuwa sama, kusan rabin dutsen kenan. A Uluru kuma hanyar kanta ce matsalar. Amma ana zagaya gindinsa da ƙafa, wajen kilomita goma, kuma gandun a buɗe yake. An cire sarƙar ne kawai.

Malam Sani: Zagaye ba hawa ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a saman dutse ya san bambancin. Uluru na bar muku tunda akwai takarda. Na Wollumbin kuwa, Hajiya, amsa mini wannan: idan dattawan suka zauna shekara goma ba su daidaita ba, hanya a rufe za ta jira su ko a buɗe?

Hajiya Bilki: A rufe. Abin da ake taƙaddama a kansa ba a taɓa shi sai an yanke hukunci.

Malam Sani: To ai wanda ke son a rufe ba shi da dalilin gaggawa kenan. Ya ci shari'a tun ba a zauna ba.

Aminu: Shi ya sa masu neman a buɗe suke cewa a sa rana. Baba Malam, Hajiya, nan dare ya yi nisa, ina da lacca ƙarfe takwas. Sai da safe.