Neman shawara: tsatsa ta sake kama gadon ƙarfen kakata

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai gadon ƙarfe mai rumfa da na gada wurin kakata, Allah Ya jiƙanta, da shi aka kai ta ɗakin miji. Bara na sa aka fesa masa baƙin fenti, ya fito kamar sabo. Damina na kankama, kafin Agusta ya ƙare, fentin ya fara kumbura kamar ƙuraje a ƙafafu da mahaɗar sanduna. Na sa farce na ɓanɓare, sai ga jar tsatsa tana zuba a tayil. Maigida ya ce a bai wa 'yan gwangwan, ni kuwa raina bai ba ni ba. Don Allah yaya zan yi kada ta dawo?

Baban Sadiƙ, mai walda a Panteka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya kai haske kabarinta. Kada ki sayar, ƙarfen zamanin da ya fi na yanzu kauri nesa ba kusa ba. Tsatsar nan ba dawowa ta yi ba, dama ba ta tafi ba, a kanta aka fesa fentin. Tsatsa tana riƙe laima kamar soso, in ka rufe ta, ci gaba take da cin ƙarfen ta ƙarƙashi.

A kwance gadon ɗaiɗai, har kusoshi, domin a mahaɗa take ɓuya. A bi shi da burushin waya, sannan sanfefa mai kaushi lamba 80, a ƙare da 120, sai farin ƙarfe ya bayyana. Ramukan da burushi bai kai ba, akwai ruwan kashe tsatsa da masu fenti ke sayarwa, yana mayar da ita baƙa ta daina ci. A goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, kada a wanke da ruwa. Abin da masu gaggawa ke tsallakewa shi ne jan fentin nan na ƙasa, red oksaid. A shafa shi a ranar da aka goge, domin ƙarfe tsirara in ya kwana cikin laima, da safe za ki ga ya yi ja-ja. Shafi biyu, a bar kwana guda tsakani, sannan fentin mai. Kuma ki yi haƙuri sai hunturu, Disamba ko Janairu, lokacin da iskar Kaduna ta bushe ƙayau.

Abu Mus'ab, Rigasa:
Mu baƙin man mota muke shafa wa ƙofa, tsatsa ba ta kusantarta.

Baban Sadiƙ:
Malam, wannan na ƙofar waje ne. A gado zai ɓata zanin gado da katifa, ga wari, kuma fenti ba ya kama ƙarfen da ya sha mai.

Anti Bilki, Kawo:
Ƙanwata, ki duba yadda ake goge ɗakin. Nawa ruwan mofa ne ya cinye masa ƙafa ɗaya, sai da aka yanke aka yi ƙari. Ƙafafun bututu ne, ruwa na shiga ta ƙasa ya kwanta a ciki. Ki sa musu takalmin roba irin na kujeru, ki kuma janye gadon daga bango in yana jiƙa da damina.

Maman Faruƙ, ma'aikaciyar jinya:
Don Allah kada a goge shi a ɗaki ko kusa da yara. Tsofaffin fenti da yawa suna da dalma a ciki, ƙurar kuwa guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara da masu ciki. A yi a waje, mai aikin ya rufe hanci, a kwashe ƙurar tas.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti, yanzu muka kifa gadon ni da Hanifa, wallahi ƙafa biyu cike suke da jiƙaƙƙen garin tsatsa. Mun zazzage, mun ɗora shi kan katako. Malam, cikin bututun fa, inda burushi ba ya shiga?

Baban Sadiƙ:
A ɗaura sanfefa a bakin sanda a zuzzura. In ya bushe sarai a tsiyaya jan fentin a ciki, a jujjuya, a zubar da ragowar, sannan a sa robar.