Muhawara a zauren malaman lissafi: Excel ko alli?

Malamin SS2: Jama'a abin yana ci min rai. Ɗalibi ya gama darasin giraf bai san aikin a, b da c ba a y = ax² + bx + c. Ku buɗe Excel ko Google Sheets: a a gidan E1, b a E2, c a E3, wato 1, −5, 6. Daga A2 zuwa A12 ku jera 0 zuwa 5, tazara 0.5. A B2 ku rubuta =$E$1*A2^2+$E$2*A2+$E$3, ku ja ƙasa, ku zaɓi zanen Scatter. Lanƙwasar za ta yanka layin x a 2 da 3. Ku mai da c ta zama 7, nan take ta ɗage sama, ba ta ƙara taɓa layin. Malamin da ya ƙi wannan, ragwanci ne kawai.

Tsohon malamin lissafi: Ragwanci? Yaro, iya bakinka. Mai zana giraf da alli a gaban ɗalibai saba'in shi ne raggo, mai danna madanni shi ne jarumi?

Malamin SS2: Baba Malam, Allah ya huci zuciyarka, ba da kai nake ba.

Tsohon malamin lissafi: Da ni kake. A WAEC da NECO takardar giraf ake ba yaro, shi zai cike tebur, ya bi ma'aunin santimita 2, ya haɗa ɗigo da fensir. Wanda kwamfuta ta saba yi wa, hannunsa rawa zai yi.

Malamar JSS3: Idan ragwanci ake nema, yana wajen mai yarda da duk abin da Excel ya fitar. Ku rubuta =-3^2, zai ba ku 9, alhali a ƙa'idar da muke koyarwa −9 ne. Excel yana fara manna alamar debewa a jikin lambar kafin ya ninka. Don haka y = −x² idan aka rubuta =-A2^2, lanƙwasar sama za ta kalla maimakon ta kife. Sai an sa baka: =-(A2^2). Haka =SIN(30) ba ya ba da 0.5, −0.988 yake bayarwa, domin radiyan yake karantawa, ba digiri ba. Daidai shi ne =SIN(RADIANS(30)). Ka rubuta 1/2 ba alamar daidai a gaba, ya mai da shi kwanan wata.

Malamin SS2: Malama, ai ƙarfafa ni kika yi. A bar yara su gano dalilin 9 ɗin da kansu, darasi ne guda.

Mai kula da ɗakin kwamfuta: Ku 'yan makarantun kuɗi ne ke da bakin kiran mutane raggaye. Wuta fa? Man janareta fa?

Malamin SS2: Kwamfutar cinya ɗaya da majigi sun isa aji. LibreOffice Calc, manhaja irin Excel, kyauta ne, ba ya buƙatar intanet.

Mai kula da ɗakin kwamfuta: Wa zai sayi majigin?

Wani malami: Ɗalibanmu na gwamnati sun fi naku iya lissafin ka, kowa ya sani.

Malamar JSS3: Wa ya auna? Ni ma a gwamnati nake, kada a fake da mu.

Tsohon malamin lissafi: Kuma tun da ya ce raggaye, ya gaya mana bambancin STDEV.P da STDEV.S, hanyoyin Excel biyu na lissafa standard deviation, wato yadda lambobi suka bazu. Lambobi 2, 4, 4, 4, 5, 5, 7, 9: na farko 2, na biyu 2.14, domin na biyun da n − 1 yake rabawa, n kuwa yawan lambobin ne. Littattafan sakandare da n suke rabawa. Yaro ya ɗauki na biyu ya faɗi.

Wani malami: Ya janye kalmar kawai.

Malamin SS2: Na janye ta ga Baba Malam, ban janye ga sauran ba.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da aka tsayar: Excel yana da kurakurai masu hatsari, Malama ta tabbatar, jarrabawa kuma da fensir ake yin ta. Alli ne asali. Mai son kwamfuta ya kai yara bayan sun zana giraf da hannu, ba kafin ba. Kalmar ragwanci a goge ta.

Malamar JSS3: Ranka ya daɗe, ban ce a bar Excel ba. Cewa na yi a sa baka.