An kira ni aikin tace fostin Hausa a Ghana, in ajiye koyarwa in tafi?

Sadiq Tumfure: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema dan Allah musamman daga wanda ya taɓa yi. Na cike wani aiki ta intanet har na manta da shi, sai ga shi sun min intabiyu ta bidiyo yanzu sun turo takardar ɗauka. Aikin shi ne duba abubuwan da mutane suka kai ƙara a soshiyal midiya, rubutu da hoto da bidiyo na Hausa, ka ce wannan a bari wannan a cire. Ba masu manhajar ne za su ɗauke ni kai tsaye ba, wani kamfani ne da ya karɓi kwangila a hannunsu. Wurin aiki Accra, kwantiragin shekara 1, dala 400 a wata, su za su biya jirgi da masaukin watan farko. Ni kuma koyarwa nake a wata makarantar kuɗi nan Gombe, dubu 45, ko mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70 bai kai ba. Damuwata biyu ce, an sa ranar aurena bayan babbar sallah, sannan mai makaranta ya ce in na fita kar in dawo. Zuwa Juma'a suke son amsa.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ka yi istihara ƙanina, kuma in sun ce ka turo kuɗin biza to ka gudu 'yan damfara ne

Sadiq Tumfure: Anti ko sisi ba su nema ba, kuma Ghana ai ba a shiga da biza, ƙasar ECOWAS ce

Ɗan Bolari: Dala 400 kake tsayawa tambayar mutane? Ni kam turo min lambarsu kawai



Hamma Yero: Sadiq ni na yi wannan aikin, ba a Ghana ba, kuma kar kowa ya tambaye ni sunan kamfanin don mun sa hannu a takardar rufe baki. Ranar da na samu har walima aka yi a gidanmu a Herwagana. Abin da ba su gaya maka a intabiyu shi ne me za ka riƙa kallo. Kai a tunaninka zagi ne da ƙaryar 'yan siyasa, to akwai su, amma suna cikin layi ɗaya da bidiyon 'yan bindiga da na fyaɗe da na yara ƙanana, ba ka san me zai buɗe ba sai ya buɗe. Agogo na ƙirga maka daƙiƙa a gefen allo, ka yanke hukunci wani ya faɗo, a ƙarshen sati a auna sau nawa hukuncinka ya yi daidai da na mai duba ka, in makinka ya sauka a kira ka ofis. Fita sallah ma cikin mintocin hutunka ake cirewa. Abokan aikina masu wasu yaruka kan ce gara su, wai in bidiyon ƙasar wasu ne ba ka jin me ake faɗa. Ni kuwa ina ji. Akwai wani dare da na sa abin kunne, dattijo ne a ɗaure yana salati yana roƙo da Hausar Zamfara, muryarsa sak ta wani baffana, kuma dole in kalla har ƙarshe don in san wane sashe na doka zan danna. Na danna, na gaba ya buɗe, tallan maganin basir ne. Tun daga nan barci ya ƙaurace min. Akwai mai ba da shawara a ofis, kirki gare ta, amma abin da take cewa ka ja numfashi ka sha ruwa. Duk wannan na haƙura saboda ina turo wa Inna kuɗi. Sai wata safiya aka tara mu aka ce kwangila ta ƙare, masu manhajar sun koma wani wuri. Takardar izinin zamanka kuma a jikin aikin take, aiki ya tafi ita ma ta tafi, ga kuɗin haya ga mai gida. Na dawo Gombe da jaka ɗaya da hawan jini, bara ko wurin yankan ragon layya ban iya tsayawa ba, ƙanina ne ya riƙe wa Baba.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya ba ka lafiya Hamma, wlh jikina ya yi sanyi

Malam Bello Jekadafari: Abin da Yero ya faɗa ba shi kaɗai ba ne. A Nairobi kamfanin Sama ne ya riƙa yi wa Facebook irin wannan aikin, a 2022 mujallar Time ta ruwaito wasu a cikinsu dala 1.50 ake biyansu a awa. Farkon 2023 Sama ya ce ya daina, aka sallami ma'aikatan, mutum sama da 180 suka maka Meta, kamfanin da ke da Facebook, da Sama a kotun Kenya. Meta ta ce ita ba ita ta ɗauke su ba, amma a Satumban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce za a iya shari'a da ita a Kenya. Ko 'yan cikin gida ma ba su tsira ba, Meta ta kori mutum 11,000 a Nuwamban 2022 ta ƙara 10,000 a Maris 2023. Kuma tunda Accra ake magana, can Twitter ta kafa ofishinta na Afirka, Elon Musk na sayen kamfanin dala biliyan 44 a Oktoban 2022 ya kori kusan rabin ma'aikata, na Accra kuwa kusan duka aka share, kwanaki kaɗan da shigarsu sabon ofis. To in an yi wa ɗan gida haka ina ga ɗan kwangila.

Abba Kumo: Hamma ko a Sama ɗin nan ka yi?

Hamma Yero: A'a ba can ba, irinsu suna da yawa. Na ce kar a tambaye ni

Ɗan Bolari: Malam Bello kai duk a jarida ka karanta, albashinka na gwamnati na shigowa duk wata. Wanda ke karɓar dubu 45 ba a ba shi labarin kotun Kenya. Akwai yaron unguwarmu yana can yanzu haka dala 600 yake ɗauka har da gida, ya sayi fili a bayan Tumfure

Zee Kaltungo: 600 ina? Ƙawata ta yi intabiyu irin wannan, da aka zo maganar kuɗi a sidi, kuɗin Ghana, suka faɗa, da ta lissafa ko 300 bai kai ba, gida kuma ku huɗu a ɗaki. Sadiq ka duba takardar da kyau, dala aka rubuta ko "daidai da dala", don in sidi ta faɗi kai ka faɗi

Malam Bello Jekadafari: Ɗan Bolari kai yaron unguwarku ne hujjarka, ka ga takardar albashinsa? Ni aƙalla abin da na kawo yana rubuce

Ɗan Bolari: Na ga filin

Hamma Yero: Ni ma na sayi fili ai. Shi na sayar na yi magani

Abba Kumo: Ni dai Sadiq in ka je ka taimaka ka cire duk fostin 'yan Arsenal, sun ishe mu 😂

Sadiq Tumfure: Hamma na gode, Allah ya ƙara sauƙi. Zee dala aka rubuta amma an ce a sidi za a biya. To maganar auren fa, in ɗaga ko in yi in bar ta a gida?

Comrade Deba: Ni ku yi haƙuri, ina tausayin Hamma amma aikin nan kansa aikin toshe bakin mutane ne. Wa ya zaɓe ku? Mutum yana zaune a wata ƙasa da littafin doka da aka rubuta a Amurka shi zai ce me Bahaushe zai faɗa me ba zai faɗa ba. Gara da Musk ya watsa su. Shi kansa Zuckerberg mai Facebook a Janairun 2025 ya fito ya ce an yi yawan cire abubuwa bisa kuskure, ya soke masu tantance gaskiyar labari a Amurka.

Zee Kaltungo: Comrade ranar da aka ɗauki hoton ƙanwarka aka haɗa da ƙarya aka watsa, wa za ka kai wa ƙara in duk an kore su? Mu mata mun san abin da muke gani a inbos. Kuma mu nan kudancin Gombe mun san abin da jita-jita ɗaya ke jawowa kafin gari ya waye. In babu mai jin Hausa a wurin na'ura ce za ta yi, ita kuwa ba ta san wasa tsakanin Bafulatani da Babarbare ba, ba ta kuma san barazanar gaske ba

Comrade Deba: To ai cire fostin Buhari da suka yi ne ya sa aka rufe mana Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022, wata bakwai muna fama da VPN

Malam Bello Jekadafari: Gwamnati ce ta rufe ba masu tacewa ba, kuma kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka a 2022. Kai da kake kuka da Amurka, a nan gida sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi ake kama mutane da shi kan fostin, har aka yi masa gyara a 2024. Wancan fostin ɗinka zai cire, wannan kai zai ɗauka

Hajiya Mai Atamfa: Ni duk ban gane wannan dogon turancin ba. Ni dai shafina da nake sayar da atamfa da leshi shekara da shekaru, kwastomomi har daga Yola da Jalingo, rana ɗaya aka rufe. Laifina na sa hoton ragonmu bayan an feɗe na rubuta barka da sallah. Na san kuma masu haɗa kai su yi ta rifot ne, akwai wata da muke sana'a ɗaya na san aikinta ne. Na ɗaukaka ƙara sai amsa iri ɗaya ke dawowa, ba mutum ko ɗaya da za ka yi magana da shi. Sadiq in ka je dan girman Allah ka duba min

Hamma Yero: Hajiya ba haka ake yi ba, ba ka zaɓan abin da zai zo gabanka, ko waya ba a shiga da ita ɗakin

Abba Kumo: Hajiya akwai wani yaro a layin masu gyaran waya a babbar kasuwa, dubu 15 yake dawo da akawun

Hajiya Mai Atamfa: Dubu 15? Ni dubu 50 wani ya karɓa, ya ce yana da mutum a ciki, har yau wayarsa a kashe

Zee Kaltungo: Babu wani mutum a ciki Hajiya, fom ɗin da kika cike shi suke cikewa. Kuma kar ki ƙara ba kowa fasuwod ɗinki, da shi suke bin kwastomominki suna karɓar kuɗin kaya da sunanki

Ɗan Bolari: Na wajenmu dubu 8 ne amma sai in ba rifot aka yi ba

Sadiq Tumfure: Jama'a Juma'a fa jibi ne

Hajiya Mai Atamfa: Zee ai ya riga ya karɓa, har da lambar da suka turo min ta waya. Shi ya sa kenan wata ta kira ni daga Bajoga wai ta tura kuɗin leshi biyu ba ta ga kaya ba? Abba turo min lambar yaron naka, amma ka gaya masa ni sai aiki ya yi zan biya