Taƙaitawar shawarwari kan siffanta jarumin tsohon adabi da hurarren gilashi

Na bi tattaunawar da aka yi kan yadda mai hura gilashi zai siffanta jarumin wani tsohon adabi tun daga farkonta, ga kuma abin da na tattaro daga bakin mahalarta.

1. Kusan kowa ya yarda cewa bai kamata mai hura gilashi ya nace sai ya fitar da fuskar jarumin daidai ba, domin da zarar an ɗebo narkakken gilashi daga tanderu mai zafin kimanin digiri 1,100 a ma'aunin Salshiyas, sai ya fara daskarewa a bakin bututun ƙarfe tun ana juya shi. An fi son a zaɓi alama guda da masu karatu suka san jarumin da ita, kamar hularsa ko yanayin tsayuwarsa.

2. An nanata cewa a sanya aikin a tanderun hucewa mai zafin kusan digiri 500, a riƙa sauke zafin sannu a hankali, musamman idan gangar jikin ta fi hannaye da wuya kauri, don a mahaɗarsu ake yawan samun tsagewa.

3. Dangane da launin gilashi, sinadarin kobal yana ba da shuɗi, zinariya kuma ja.

4. A kan salon aiki ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun fifita tsantsar ƙwarewa irin ta maƙeran gilashin Murano a Italiya, wasu kuma sun karkata ga 'yancin ƙirƙira da masu fasaha suka samu tun bayan taron bita kan hura gilashi da aka yi a birnin Toledo na Amurka a 1962. Ni dai na fi gamsuwa da ɓangare na biyu, saboda halin jarumi, ko baƙin cikinsa ko taurin kansa, ya fi fitowa a lanƙwasar gilashin da yadda haske ke ratsa shi.