Malaman kimiyya, ku ma ɗalibanku na kawo muku furoton ɗin fim cikin aji?

Malamin Fiziks: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan SS1 ginin atom, na zana furoton, ƙwayar nan da ke tsakiyar atom, a allo ke nan, sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu: "Malam, shi ne wanda aka harba aka tarwatsa Death Star?" Fim ɗin Star Wars na 1977 yake nufi, inda aka tarwatsa wata tashar yaƙi ta sararin samaniya, Death Star, da makami mai sunan furoton. Na ce masa suna kawai 'yan fim suka ara. Ya zauna jiki a sanyaye, abin ya tsaya mini a rai. Ku yaya kuke yi?

Malamar Kemistiri: Wa alaikumus salam. Ni fim ɗin Ghostbusters na 1984 aka kawo mini, jakar nan da suke goyawa suna harba furoton su kama fatalwa. Ban ƙaryata su ba. Waya na ciro, na nuna musu injin cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, zobe mai kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa tsakanin Suwizalan da Faransa, inda ake gwara furoton da furoton har aka gano wata ƙwaya mai suna Higgs a 2012. Su da kansu suka ce wannan ba ya goyuwa. Malam, kada ka kashe wa yaro tambaya, da ita za ka ja shi.

Tsohon Hedimasta: Nawa ɗaliban labarin masanin fiziks Anatoli Bugorski ne ke sa su tsit. A 1978 a Tarayyar Sobiyet, yana duba injin harba furoton da ya samu matsala, zaren furoton ya ratsa kansa. Babu abin da ya fashe. Ya rayu, amma kunnensa na hagu ya daina ji, rabin fuskarsa ya shanye. Daga nan sai su fara tambayar me furoton ke yi wa nama.

Ɗalibar Likitanci: Baba Hedimasta, wannan tambayar ce ta kai ni likitanci. Furoton yana tafiya cikin jiki ya sauke yawancin ƙarfinsa daidai inda zai tsaya, shi ya sa ake ƙona ƙarin ciwon daji da shi, naman da ke bayansa ya tsira. Masanin fiziks Robert Wilson ne ya kawo shawarar tun 1946.

Malamin Lissafi: Wata yarinya ta tambaye ni ko za a iya shimfiɗa furoton ɗaya kamar tabarma a mai da shi kwamfuta, yadda marubucin ƙagaggun labarai ɗan Sin, Liu Cixin, ya rubuta. Na ce ƙirƙira ce, amma cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi guda uku da ake kira kwak. Har yanzu tana bi na sai na yi mata bayaninsu.

Malamin Fiziks: Na gode. Malama, turo mini hoton zoben nan, gobe ina da su a darasi na biyu.