An ƙwace mana gonar gado, kowa sai ya ce "ku bar wa Allah"

Magajin Marayu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na kawo shi nan. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona eka huɗu a bakin hanya, mu bakwai da mahaifiyarmu. Tun ina yaro nake bin sa can, na san iyakarta daga gindin ɗorawa har zuwa layin gamba. Da gari ya matso, wani mai hannu da shuni ya fito da takarda wai marigayin ya sayar masa. Ana tsakiyar damina, dawa ta kai gwiwa, ya turo gireda ta baje shukar. Da na same shi a ƙofar gidansa, ko zama bai ce in yi ba. Cewa ya yi in je duk inda zan je, shi ne zan tarar a can.

Yau shekara biyu, ya zagaye wurin da bulo, bana ma ya je Umara. Mu kuwa awo muke yi a kasuwa. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in bar wa Allah. Na yi imani Allah ba ya zalunci, amma wallahi wani dare zuciyata takan tambaye ni: sai yaushe? Shin barin wa Allah na nufin in naɗe hannu? Kuma laifi ne idan na ce Allah ya isa?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, Allah ya isa ba laifi ba ne ga wanda aka zalunta. Duba Suratun Nisa'i aya ta 148: Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Lokacin da Annabi (SAW) ya tura Mu'azu ɗan Jabal Yaman, cikin wasiyyarsa har da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, don babu shamaki tsakaninta da Allah.

Maganar ƙasa kuwa tana da nata hadisin, a Bukhari da Muslim: wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai. Taƙi ɗaya fa, balle eka huɗu ta marayu. Wannan "ni ne za ka tarar" da ya faɗa maka tsohon yare ne. Ƙaruna ma da aka yi masa nasiha cewa ya yi ilimin da ke wurinsa ne ya ba shi dukiyar, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Umarar da ya je kada ta ruɗe ka, haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da ibada sai an mayar ko an yafe.

Tsohon Magatakarda:
Na yi shekaru ina aikin kotu, bari in faɗi abin da na gani. Masu ce maka ka bari, da yawansu tsoron mutumin suke ji, ba tawakkali suke koya maka ba. Annabi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Nemo maƙwabtan gonar da suka yi noma kafaɗa da kafaɗa da mahaifinku tun suna da rai, domin shaida ita ce ke fara mutuwa a rigimar fili. Waye ya shaida cinikin? Mai unguwa ya sani? Dagaci ya sa hannu? Idan marigayin yana sa hannu a takardu, samo wata tsohuwa a gwada. In babu kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnati da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Kada ku ƙara jinkiri, daɗewa na raunana ƙara.

Ko da ya fi ku baki ya yi nasara, hadisin Ummu Salama na nan: wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya magana, guntun wuta aka yanka masa.

Inna Mai Ƙosai:
Ɗana, ni ba malama ba ce, jikata ce ke rubuta mini. Da mijina ya rasu, ɗan'uwansa ya cinye gidan da ya bar mana, na fito da yara biyar na kama haya ɗaki ɗaya. Shekara da shekaru ina zuba ido in ga abin da zai same shi. Ba abin da ya same shi. Ya rasu a kan gadonsa, da dukiyarsa, jana'izarsa ta cika maƙil. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kore mu.

Daga baya na gane ni ce na yanka wa Allah wa'adi, ina so ya yi hukunci a gaban idona. Shi kuwa cewa ya yi yana jinkirta wa azzalumai zuwa ranar da idanu za su fito zuru-zuru, bai ce sai na gani a nan ba. Da kaskon ƙosai na aurar da 'ya'yana mata uku. Har yau ban yafe ba, ban kuma ƙara ƙirga masa kwana ba. Ka nemi haƙƙinku iya ƙarfinka, amma kada ka mayar da leƙen katangarsa sana'a, zai cinye maka gona ya haɗa da barcinka.

Magajin Marayu:
Inna, maganarki ta sa ni hawaye, don kullum sai na bi ta wurin na tsaya ina kallon bulon nan. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Akwai dattijo ɗaya da gonarsa ke gabas da tamu, ya tsufa sosai amma hankalinsa garau. Gobe bayan Azahar zan je wurinsa tare da kawunmu. Na karanta wa mahaifiyarmu amsoshinku, ta ce in gaishe da Inna, ta kuma ɗauko mini wata tsohuwar takardar bashin taki mai ɗauke da sa hannun Baba.